Kwafin Ko-ta-kwana: Tarihin Tsare Diwanin Gwamnati a Abuja

Ranar Laraba 8 ga Afrilu, 2020, a cikin kwanakin da annobar korona ta sa aka kulle Abuja, kasuwanni a rufe, tituna fayau, sai hayaƙi ya turnuƙe daga benen nan na Garki inda ofishin Babban Akanta na Tarayya yake, watau gidan da ke riƙe da lissafin baitulmalin ƙasa. Kafin 'yan kwana-kwana su ci ƙarfin wutar kuwa, labari ya riga ya game gari, kowa yana faɗin abin da mutanen ƙasar nan suka saba faɗi in gobara ta kama ofishin kuɗi, cewa wani ne yake son ya ɓad da sawunsa. Hukumomi suka fito suka ce ɗakin na'urorin da ake gudanar da lissafi a cikinsa bai taɓu ba, kuma ko da ya ƙone ƙurmus, akwai wata ma'ajiya a wajen Abuja da aka tanada domin irin wannan rana. Mako guda bayan haka wuta ta kama hedkwatar Hukumar Rajistar Kamfanoni a Maitama, aka sake jin jawabi mai kama da na farko. Hukunci a kan musabbabin waɗannan gobara yana wuyan masu bincike. Abin da ya dace da mai nazarin tarihi shi ne wannan jawabi kansa, domin shekara arba'in kafin nan babu wani jami'i a Nijeriya da zai iya buɗe baki ya yi shi.

A watan Disamba na 1981 gobara ta cinye benen Republic a Legas, inda Ma'aikatar Harkokin Waje take. Ranar 24 ga Janairu, 1983 kuma ta kama benen hukumar sadarwa ta NET, wanda a lokacin babu gini mai tsayinsa a ƙasar, aka yi asarar rayuka da takardu, ɗalibai suka fita zanga-zanga suna zargin an cinna wutar ne domin a halaka shaidar almundahana. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, abin da ya ba shi ƙarfi a zukatan jama'a sananne ne: fayil ɗin takarda ɗaya tilo ne, in ya tafi ya tafi da hujjar da ke cikinsa. Wannan kuwa ba larurar Nijeriya kaɗai ba ce, gama a watan Yuli na 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojojin Amurka da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da miliyan 18, ba a kwafe su ba, ba a ɗauki hotonsu ba, har yau ma'aikata suna harhaɗa tarihin aikin tsofaffin sojoji daga takardun biyan albashi da na asibiti.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan bala'i tun kafin a san Amurka. Imam Mawardi ya ruwaito a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, littafin da malaman Sakkwato suka karanta suka kuma ciro hukunce-hukuncen mulki daga cikinsa, cewa a shekara ta 82 bayan Hijira, lokacin fitinar Ibnul Ash'as a Iraƙi, an ƙone diwanin da ke riƙe da lissafin gonakin baitulmali, sai kowane mai gona ya haɗiye abin da ke maƙwabtaka da tasa, tun da babu sauran daftarin da za a buɗe a ce masa iyakarka ke nan. Duk wanda ya san rigimar fili a Abuja, in ya ji wannan ruwaya ba ya bukatar sharhi.

Maganin da magabata suka samo bai wuce abu biyu ba, yawaita kwafi da nisanta shi daga ɗan'uwansa. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata suka yi shahada da yawa, Sayyidina Umar ya shawarci Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, aka sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani wuri guda. A halifancin Sayyidina Usman kuma aka kwafi mus'hafai daga takardun da ke hannun Nana Hafsa aka aika da su manyan birane. Ba muna daidaita Littafin Allah da daftarin albashi ba ne, Allah ya kiyashe mu. Amma al'ummar da ta tashi a kan wannan sunna ta gaji ladubban kwafi waɗanda har yau injiniya bai ƙara musu komai ba sai sauri. Almajirin da ya kwafi littafi a Katsina ko Zariya ba a ɗaukar aikinsa ya cika sai an yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin kwafi da yatsa, in an ga tsallake a cika shi a hashiya, in an kai wani matsayi a sa alama a gefe cewa muƙabala ta iso nan. Saboda tsadar takarda kuma, wadda sai ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso Kano, suka ƙware wajen rage tsawon rubutu ba tare da rage ma'ana ba: malaman hadisi suna taƙaita lafazin ruwaya zuwa harafi biyu ko uku, Suyuɗi ya sa wa Buhari harafi guda, Muslim harafi guda, abin da suka haɗu a kansa harafi guda, shi kuwa Imam Muslim in isnadi biyu suka haɗu a kan malami ɗaya sai ya sa harafin ha, ya juya daga wannan zuwa wancan, ya huta da maimaita sauran mazajen. Mai karatu ya riƙe wannan dabara ta ƙarshe, za mu sake gamuwa da ita a ɗakin na'urori.

Zamanin Turawa ya zo da fayil da kabad da akawu. Dakta Kenneth Dike ne ya zaga ƙasar daga 1951 yana duba halin da tsofaffin takardun gwamnati suke ciki, gara da ɓera da danshi suna rabonsu, rahotonsa ya haifar da ofishin adana takardu a Ibadan a 1954, daga baya aka yi rassa a Inugu da Kaduna. A shekarun 1960 jami'o'in Ibadan da Zariya suka shiga ɗaukar hoton littattafan malamai a kan siririn fim, su mayar wa mai littafi abinsa, su riƙe hoton. Wannan yana cikin kwafin ko-ta-kwana na farko-farko da aka yi da na'ura a ƙasar nan.

Abuja kuwa sunanta ya girme ta. Haɓen Zazzau ne, bayan jihadi ya fitar da Sarki Makau daga Zariya, suka kafa garin a hannun ƙaninsa Abu Ja a 1828, tarihinsu yana zaune a ƙirjin fadawa da makaɗa har Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta shi da Hausa, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta karɓi shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda ta kafa Doka ta 6 ta 1976, sai sabon birni ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, ƙasar yankin baki ɗaya kuma ta zama mallakar Gwamnatin Tarayya. Ma'anar haka ita ce, saɓanin Kano ko Katsina inda dattawan unguwa suke shaidar gidan wane tun kaka da kakanni, a cikin sabon birnin nan mai fili ba shi da wata hujja face takardar da hukuma ta ba shi da kuma kwafinta da ke cikin fayil a ofishin filaye. Da gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, farashin ƙasa ya tashi, darajar wannan fayil ta tashi tare da shi, kuma abin da ake tsoro ya auku: fayil ya ɓace, fili ɗaya ya sami masu shi biyu ko uku kowa da takardarsa, takardun jabu suka cika gari. Wannan ne ya sa a zamanin ministan birnin Malam Nasiru El-Rufa'i, wanda ya kama aiki a 2003, aka kafa hukumar AGIS domin a zuba taswirar birnin da rajistar filayensa cikin kwamfuta, aka kuma kira duk mai takardar mallaka ya kawo ta a tantance a ba shi sabuwa. An sha kuka da wannan aiki, wani kukan da gaskiya wani babu. Amma daga ranar, shaidar gidan mutum a Asokoro ko Wuse ta tashi daga kabad ta koma rumbun bayanai.

Daga nan abin ya zo kamar da bakin ƙwarya. A 2004 Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005, kowace haɗaka kuma tana nufin a zuba asusun miliyoyin mutane daga wannan rumbu zuwa wancan ba tare da kwabo ya salwanta ba. A 2006 aka kafa Galaxy Backbone domin ya zama ma'ajiya da hanyar sadarwa ta ma'aikatun tarayya. A 2007 aka fara biyan albashi ta tsarin IPPIS da nufin tsame ma'aikatan bogi, a shekarar ce kuma aka yi dokar hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa. A farkon 2011 hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta baza na'urori 132,000 a rumfunan ƙasar, ta ɗauki hoto da zanen yatsun masu zaɓe fiye da miliyan 73, rajistar da ta haura miliyan 93 kafin zaɓen 2023. Tsarin GIFMIS na lissafin baitulmali ya soma a 2012, lambar BVN ta bankuna a watan Fabrairu na 2014, Asusun Bai-ɗaya kuma ya zama wajibi a kan ma'aikatu a Satumba ta 2015. A tsakiyar wannan duka akwai wata doka da ba a cika ambatonta ba alhali ta fi da yawa daga cikinsu nauyi, Dokar Shaida ta 2011, wadda sashenta na 84 ya halatta wa alƙali ya karɓi abin da kwamfuta ta fitar a matsayin hujja. Cikin shekara goma sha biyu kacal, diwanin ƙasa mai mutane sama da miliyan 150 ya koma cikin 'yan ɗakuna masu sanyi waɗanda galibinsu ke tsakanin Garki da Maitama da Wuse.

Rumbun bayanai yana da wani aibi da fayil ba shi da shi. Gobara tana cin kabad ɗaya bayan ɗaya, mai ƙarfin hali yana iya jefo wasu ta taga. Amma rumbun da ya tattara komai wuri guda, umarni ɗaya da aka buga bisa kuskure, ko faifai ɗaya da ya mutu sakamakon ɗaukewar wuta, ya isa ya tafi da shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Don haka tun da IBM ta fito da na'urar zaren maganaɗisu, watau kaset, a 1952, aka sami wata sana'a ta daban a cikin sana'ar kwamfuta, ta masu kwana suna kwafi. Ƙa'idarta ba ta sake ba: a ɗauki cikakken kwafi lokaci-lokaci, a bi shi da kwafin abin da ya canza tun daga cikakken, a riƙa kwashe littafin mu'amaloli da rumbun yake rubutawa bayan kowane ɗan lokaci, ta yadda in musiba ta faɗa da azahar za a iya maido da rumbun yadda yake kafin kiran salla. Wahalar ita ce dare ba ya ƙara tsawo. Banki yana rufe lissafin yini, a soma kwafi, dole kuma a gama kafin a buɗe ƙofa da safe. Rumbu yana ƙara girma kowace shekara, sa'o'in kuwa suna nan yadda Allah ya halicce su.

A wannan gurbi ne kamfanonin gefe suka sami abinci, watau waɗanda ba su ne suka ƙera rumbun ba amma suka ƙera masa kayan kwafi. Oracle ta sa wa rumbunta manhajar RMAN tun 1997, amma babbar ma'aikata ba ta da rumbu iri ɗaya, tana da na Oracle da na Microsoft da na IBM da akwatunan wasiƙu da tarin fayiloli, saboda haka sai ta sayi NetBackup na Veritas, ko NetWorker na Legato, ko Commvault, ko daga baya Veeam da aka kafa a 2006, domin ya zama wakili guda mai tsara wa kowa lokacinsa, yana riƙe da fihirisin abin da ke kan kowane kaset. Rumbun SQL Server na Microsoft kuwa, wanda ofisoshi matsakaita suka fi so saboda sauƙinsa, ya yi shekaru ba ya iya matse kwafinsa da kansa, in rumbu ya cika gigabait 500 kwafinsa ma kusan haka zai ci. Sai wasu ƙananan kamfanoni suka cike giɓin, LiteSpeed na Imceda, da SQL Backup na Red Gate da ke Kambirij a Ingila, da SQLsafe na Idera, suka ci kasuwa sosai har Microsoft ta farga ta sa matsi a cikin fitowar 2008, da fari ga masu lasisi mafi tsada kaɗai, sannan a fitowar da ta biyo baya ta sauko da shi ga na ƙasa da su. Ba su mutu ba saboda haka. Sun koma sayar da abin da mai rumbun bai kula da shi ba, kamar maido da jadawali ɗaya tak ba tare da an kwance kwafin duka ba, da sa ido a kan rumbuna ɗari daga allo guda.

To, mene ne wannan matsi, har ake biyan dala dominsa? Asalinsa ilimin lissafi ne. Claude Shannon ya nuna a 1948 cewa kowane saƙo yana da gwargwadon labarin da ke cikinsa, abin da ya ƙaru a kan haka maimaici ne. David Huffman, yana ɗalibi, ya fitar da hanya a 1952 ta bai wa harafin da ya fi yawan zuwa alama mafi gajarta. Sannan Abraham Lempel da Jacob Ziv suka zo a 1977 da dabarar da kusan duk kayan yau suke tafiya a kanta, cewa in na'ura ta gamu da jerin haruffan da ta taɓa gani, kada ta sake rubuta su, ta sa 'yar ishara cewa a koma baya kaza a kwafo kaza. Harafin ha na Imam Muslim ke nan ya dawo a cikin wata riga. Daftarin albashin gwamnati kuwa babu abin da ya fi shi maimaici: sunan ma'aikata guda yana zuwa sau dubbai, haka sunan jiha, haka matakin albashi, haka sunan banki, ga kuma guraben da rumbun yake bari fanko a shafukansa, irin wannan yana matsuwa ƙwarai, ya koma kashi kaɗan na girmansa. Hoton fuska da zanen yatsu ba haka suke ba, domin an riga an matse su tun wurin ɗauka, na yatsu galibi da tsarin WSQ da hukumar FBI ta Amurka ta fitar a 1993 wanda ke rage su kamar ninki 15. Saboda haka rumbun NIMC ko na hukumar zaɓe, duk manhajar da aka sa masa, ba zai faɗa yadda na albashi yake faɗawa ba, mai tallar da ya yi alkawarin haka kuwa a tambaye shi da wane irin bayani ya gwada. Abin da aka kulle da mabuɗin sirri shi ma ba ya matsuwa, tun da kullewar ta shafe maimaicin. Tilas a matse tukuna sannan a kulle.

Akwai bambancin da bai kamata ya shige wa mai karatu duhu ba. Muhtasar na Shaihu Halil taƙaici ne na fiƙihun Malikiyya wanda tushensa Mudawwana ta Sahnunu ce, ya dunƙule mujalladai cikin ɗan littafin da ɗalibi zai haddace, har ya zama ba ya buɗuwa sai da Harshi ko Dardiri ko malami a zaure. Amma duk ilimin mai sharhi ba zai maido da lafazin Sahnunu harafi da harafi daga cikin Halil ba, domin an zubar da lafazi an riƙe hukunci. Irin wannan taƙaici ya halatta ga hoto, inda ido ba ya ganin abin da aka zubar. Ga lissafin kuɗi da rajistar fili haram ne. A nan ba a karɓar matsi sai wanda in an kwance shi kowane sifiri zai koma mazauninsa.

Wani mataki ya biyo baya a farkon ƙarnin nan, wanda kamfanin Data Domain ya yi suna da shi kafin EMC ta saye shi a 2009: a yanka kwafi gutsure-gutsure, a ba kowane gutsure hatimi na lissafi, in kwafin daren yau ya zo da gutsuren da aka riga aka ajiye jiya sai a rubuta hatiminsa kawai. Tun da mafi yawan rajistar fili ko ta masu zaɓe ba ta motsi daga dare zuwa dare, kwafin wata guda yana iya zama a wurin da da can na kwana kaɗan zai cika. Ga Abuja amfanin wannan ya fi yawa a kan hanya fiye da a cikin ɗaki. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, kuma kafin Main One da Glo-1 su iso a 2010 ƙasar tana rataye ne da SAT-3 guda ɗaya a hannun kamfanin sadarwa na NITEL da kuma tauraron ɗan'adam mai tsada. A wancan zamani hanyar fitar da babban kwafi daga gari, a nan da sauran duniya, ita ce a sa kaset a akwati a ba direba. Sai da matsi da tsame maimaici suka rage abin da za a aika, layukan gilashi kuma suka ratsa ƙasa, sannan ya yiwu ofishi a Abuja ya riƙa tura kwafinsa wani gari kowane dare.

Sai dai kowace ni'ima da kuɗin fitonta. Kwafin da manhajar gefe ta rubuta, a cikin siffarta take rubuta shi, ba ya karantuwa sai da ita ko da 'yar manhajar kwancewa da kamfanin ya bayar. Su kuwa kamfanonin nan ba sa zama a hannu ɗaya. LiteSpeed ya tashi daga Imceda zuwa Quest a 2005, Dell ta sayi Quest a 2012, ta sayar da shi ga masu zuba jari a 2016. Legato ya shiga EMC a 2003, EMC ta shiga Dell a 2016. Veritas ya shiga Symantec a 2005, ya fita a 2016, a ƙarshen 2024 kuma NetBackup ya koma hannun Cohesity. Kowane sabon ubangida yana zuwa da sabon farashi, da dala ake biya, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 a 2015 ta haura naira 1,500 a 2024, alhali kason da aka rubuta wa ma'aikata a kasafi da naira aka rubuta shi. A ganina wannan ne babban rauni na diwanin zamani a ƙasa irin tamu, ya fi gobara kusa: lasisi ya ƙare, a ce a jira a saki kuɗi, kwafi ya tsaya ko ya ci gaba ba mai gyara shi, ba hayaƙi ba ƙara, ba wanda zai sani sai ranar bukata. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun wajabta a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta Yuni 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su daga ɓata da salwanta. Duka biyu sun yi daidai, amma ajiye akwati a gida bai wadatar ba in mabuɗinsa na haya ne.

Batun nisa ma an koye shi da tsada a wasu wurare. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa suka tarar kwafin da suke biya dominsa yana cikin harabar da ta ƙone. A watan Satumba na 2025 batura suka kama wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ma'ajiyar fayilolin ma'aikatan gwamnati mai terabait 858 ta halaka, uzurin da aka bayar na rashin kwafinta kuwa shi ne ta yi girma da yawa. Ƙasar da ke ƙera wa duniya faifan ajiya ke nan. A wannan fuska Nijeriya ta yi abin kirki da Galaxy Backbone ya ƙara wa cibiyarsa ta Abuja wata babba a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon 2023, domin tazarar kilomita ɗari huɗu da wani abu ta isa ta raba wurare biyu da gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya, ko da yake ba ta raba su da durƙushewar babban layin lantarki na ƙasa, wanda ya sa janareto da man dizal suka zama rukuni daga rukunan wannan sana'a a wurinmu.

Saura muƙabala, wadda ita ce aka fi saurin yasarwa saboda ba ta da kwangila ba ta da bikin buɗewa. Manhaja tana iya rubuta kowace safiya cewa kwafi ya kammala lafiya, alhali abin da ke kan kaset ɗin ba zai tashi ba. Hanyar sani ɗaya ce, a ɗauki kwafin a maido da shi a kan wata na'ura, a ƙirga layukansa, a auna jimillarsa da ta asali, a kuma duba agogo a ga sa'a nawa abin ya ci. Kamfanin GitLab ya bayyana wa duniya abin da ya same shi ranar 31 ga Janairu, 2017, sa'ad da wani injiniya ya goge rumbun aiki yana zaton rumbu na biyu ne mai riƙe da kwafinsa, aka juya ga hanyoyin kwafi biyar da aka tanada aka tarar babu wadda take aiki yadda ake zato, sai wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'a shida kafin nan ne ya cece su. Tun daga annobar WannaCry ta watan Mayu na 2017 kuma aka shiga zamanin 'yan garkuwa da bayanai, waɗanda suka gane cewa mai kwafi ba ya biyan fansa, saboda haka kwafin suke fara nema su lalata. Wannan ya dawo da martabar kaset da aka ɗauka ya tsufa, tun da abin da aka zare daga na'ura aka kulle a sef ba a isa gare shi ta waya.

Shi ma kaset yana da ajalinsa, kuma a nan ne lissafin ya fara matsowa kusa da Abuja. Zuriyar kaset ta LTO ta soma a 2000 da gigabait 100 a kaset ɗaya, ta kai terabait 18 a tsara ta 9 a 2021. Amma na'urar kowace tsara ba ta karanta na kakanninta sai tsara biyu baya, a ta 8 da ta 9 ma aka rage zuwa tsara ɗaya. Kaset ɗin tsara ta 4, irin wanda ya shigo kasuwa a 2007, shekarar da aka fara IPPIS, na'urar tsara ta 6 ce ta ƙarshe da ke iya buɗe shi, sabuwar da za a saya yau ba ta san shi ba. Dokar Adana Takardun Tarihi ta 1992 ta sa shekara 25 a matsayin wa'adin da takardun gwamnati za su buɗu ga mai bincike. Bisa wannan ƙirga, rajistar filayen da AGIS ta fara a 2004 za ta cika wa'adi a 2029, albashin farko na IPPIS a 2032, rajistar masu zaɓe ta Jega a 2036. Ɗalibin da zai je neman su zai bukaci kaset ɗin, da na'urar da ke karanta shi, da manhajar da ta matse shi, da mabuɗin da aka kulle shi da shi, da fitowar rumbun da ta rubuta shi tun farko, sai fa in a tsakanin nan an sami ma'aikacin da ya zauna ya sake kwafe shi zuwa sabon zubi a duk lokacin da tsara ta juya.